Yadda Na Kai Fakon Gonata Ƙasar Mosi

Tun da na dawo daga ƙasar Mosi ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In je rijiya, "Habsu, yaya can?" In je suna, "Habsu, da gaske suna cin alade?" Har a gidan gaisuwa wata ta matso tana yi mini raɗa. Na gaji. Ga shi na rubuta da hannuna, da baƙin da na koya a ajin yaƙi da jahilci bayan furfura ta fara fito mini. Wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba, ku bar ni in yi aikina. Kuma wadda ke jiran in ce na gane duk abin da anka koya mana, ta tashi tun yanzu. Ban gane ba.

Duk Tajaye an san gonata, domin babu mai kishinta. Fako ne, ƙasa ja mai tauri, ruwa ya zuba a kanta ya wuce kamar ya zuba a kan faranti. Kuma ba tawa ba ce. Da maigidana ya rasu, wansa, Yaya Sanda, ya ba ni aronta in ci da yara. Ranar da ya nuna mini iyaka sai da ya faɗi abin da kowa ya sani: gonar aro ce, ba a gina rijiya, ba a dasa icce. Wanda ya dasa icce a wuri, gobe ɗiyansa za su ce wurin nasu ne. Na ce na ji. Ba ni da wata gona bayan wannan. In ta tafi, tukunyata ta tafi.

Mushe Abdu (Mushe shi ne Malam a bakin masu Faransanci), ma'aikacin porje, wato shirin gyaran ƙasa, da ke zaune Illela, shi ya sa sunana a tafiyar. Ya ce akwai karatu na manya a Burkina, ƙasar Mosi, ana koyon tsara gona da gida da ruwa da dabba su zama abu guda, in ka ci jarrabawa a ba ka takardar sana'a, ka dawo ka koya ma wasu. Sunan karatun fermakultur. Na sa ya maimaita har ya gaji. Na ce, "Mushe, don mi ni?" Ya ce, "Don kin iya rubutu, kuma ba ki barin mutum ya gama magana in ba ki yarda ba." Ban san ko yabo ba ne, amma na ɗaure kayana.

Da safen tafiya na je gonar da gatari na ɓalle dunƙulen fako kamar kan jariri, na naɗe a tsohon zane. Hankalina shi ne, ba a kai labarin majinyaci asibiti a bar majinyacin a gida.

Motar porje ta ɗauke mu ni da Mushe Abdu, ta biya ta Dogarawa ta ɗauki mutum na uku, Tanko, wani dogo mai bakin da ba ya rufuwa. Kafin mu wuce hayaƙin gidan siminti na Malbaza na san sunan jakinsa da ciwon surukarsa. A tashar Konni munka shiga kar, babbar motar fasinja ta Yamai. Masu canji suna kaɗa naira a hancin mutum, masu mai sun jera kwalabe a bakin hanya. Karen mota ya ɗaga ƙunshina ya ce, "Inna, dutsin niƙa za ki kai ma wa?" Na ce, "Aje mini abuna, ba da kanka za ka ɗauka ba." A kan cinyata ya yi tafiyar.

Har Dogondutsi ina cikin mutane. Daga Dosso Hausa ta fara tsinkewa. Na sayi ƙosai wurin wata Bazabarma, na gaishe ta, ta ce "fofo", na ce ba fura nake so ba, ta sake cewa "fofo". Mushe Abdu ya janye ni, ya ce gaisuwarsu ce. A Yamai munka sauka gidan ƙanwar uwarsa. Washegari motarmu ta hau gada, na ga ruwa kwance iyakar ganina, ba mai tsaronsa, ba mai layi da tulu. Raina ya ɓaci. Na tuna igiyar rijiyarmu da ke cin tafin hannu.

A iyaka anka sauke mu duka, kowa ya buɗe kayansa. Wani ɗan duwan, wato kwastan, mai ƙaton ciki ya tsaya a kan ƙunshina. Ya buɗe, ya ƙwanƙwasa da mabuɗi, ya dube ni. Tanko, Allah ya shirye shi, ya ce da ƙarfi, "Zinariya ce, ranka ya daɗe!" Ashe kalmar ta ratsa kunnen mutumin. Nan take anka kira jandarma, anka kai ni rumfa, fasinjoji suna ta zagin kakannina da harsuna iri iri. Ɗan duwan ya gutsuri dunƙulen ya sa a baki, ya tofar. Mushe Abdu yana fassara, gumi yana zuba.

"Ya ce mi ne ne wannan?"

"Ce masa gonata ce, ba ta da lahiya."

"Ya ce mi ke damunta?"

"Ba ta shan ruwa."

Mutumin ya sake duban dunƙulen. Sai ya naɗe mini zanen da hannunsa, ya ce gonar ubansa ma ciwonta ke nan, in na samo magani in tsaya in gaya masa. Tanko kuwa ban sake yi masa magana ba sai Wagadugu.

Wagadugu garin babura ne. Mata a kan mobilet, goyo a baya, kwando a ka, suna tsere da maza. Wata tsohuwa da ta girme ni ta wuce mu a kan keke ko kallonmu ba ta yi ba. Na ce ma Mushe Abdu, "Mazansu sun mutu ne?" Ya ce a'a, haka suke. Na daɗe ina tunanin nisan gonata da gida.

Makarantar tana wani ƙauye arewa da birnin, ɗakunan laka ne a tsakiyar lambu. Da isarmu anka kawo ƙwarya da farin ruwa, garin gero ne anka dama da ɗan zaƙi. Na kurɓa na ce wannan fura ce da ta ga wahala, ba nono, ba gaya. Ashe ruwan maraba ne, kuma shi ne iyakar furar da zan gani har in dawo. Tuwonsu na dawa ne, da ruwan tsamiya suke tuƙa shi, ya kwana bai lalace ba. Miyar ba laifi. Alade kuwa, i, na gan su, suna yawo kamar awaki. Ba a ba mu ba, ban ci ba, a daina tambayata.

Ɗaki guda anka sa ni da wata Bamosa, Poko, gajera mai ƙarfi kamar turmi. Ba ta jin Hausa, ba na jin nasu. In zan yi salla sai ta janye tabarmarta ta fita, in ta durƙusa tana nata addu'ar in ba ta wuri. Da hannu muke hira. A can mata da maza tare suke noma gona guda, kafaɗa da kafaɗa. Da ta nuna mini tafin hannunta na nuna mata nawa, munka yi dariya.

Malamai biyu ne. Akwai Mushe Tinga, ɗan ƙasar, da wani Bature mai gemu wanda ba ya sa takalmi. Na tambaya ko sace masa anka yi, anka ce shi ya ga dama. In Baturen ya yi magana, Mushe Tinga ya juya ta Faransanci, Mushe Abdu ya juya mana Hausa. Wani lokaci mutumin ya yi magana mai tsawo har da kaɗa hannu, in ta iso wurina ta zama, "Ya ce ruwa yana gangarawa." To, da ina zai nufa?

Darasin farko, anka kai mu bayan gari anka ce kowa ya zauna. Na zauna. Na jira a kawo hauya, shiru. Na ce, "Mushe Abdu, aikin fa?" Ya ce aikin ke nan: a duba ta ina iska ke zuwa, ina inuwa ke faɗuwa, ina ruwa ya bar sawu. Wai mai tsara gona ba ya taɓa ƙasa sai ya daɗe yana kallonta. Na ce a Tajaye wanda ya zauna yana kallon gona sunansa rago, kuma ba sai ya ƙetare iyaka ya koyo ba. Anka fassara, Baturen ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce in ci gaba da zama.

Wata rana tun safe har azahar a kan kaza muke. An zana ta a allo. Mi kaza ke so, mi kaza ke bayarwa: ƙwai, kashi, tonon ƙasa, cin ƙwari. Wai ka aje ta inda abin da take zubarwa zai zama abincin wani abu. Ni da na yi kiwon kaji tun ban yi wayo ba, na zauna ina rubuta "kaza tana tono" a takarda. Tanko ya ɗaga hannu ya ce an manta miya.

Akwai abin da ya shiga kaina kaɗan. Sanduna uku ne ake haɗawa kamar ƙafafun mutum a buɗe, a rataya dutse da zare a tsakiya, ana tafiya da shi ana gano inda ƙasa ta yi daidai. A nan ake jera duwatsu su tare ruwa. Sai dai layin ba ya miƙewa, yana lanƙwasa kamar sawun maciji, ni kuwa idona ya saba da kunya miƙaƙƙiya, kullum sai in gyara, kullum sai Mushe Tinga ya rushe. Sannan ramuka ƙanana da ake zuba taki a ciki, wai don a kira gara ta zo ta huda ƙasa. Gara! Wadda ta cinye mini rumbu! A can har godiya ake yi mata. Kuma kar a share gona, kar a ƙone kara, a bar shi kwance. Duk abin da uwata ta dake ni a kansa, a nan shi ne karatu.

Ranar da na kai dunƙulena aji, anka kewaye shi kamar gawa. Baturen ya shinshina, ya zuba masa ruwa, ruwan ya gangare. Ya tambaya mi ke tsirowa a wurin. Na ce babu komi, sai kututturan sabara da kalgo masu taurin kai, kowace bazara in sassabe su in ƙone, kowace damina su sake tohowa. Mutumin nan ya yi tsalle. Ya tafa hannu, ya kira Mushe Tinga, sunka yi ta magana da sauri. Na ce ma Mushe Abdu, "Mi na faɗa?" Ya ce shi ma bai sani ba. Sai sunka ja ni wurin wani kurmin sabara, Mushe Tinga ya sa wuƙa ya rage rassan, ya bar biyu ko uku masu ƙarfi a tsaye, ya ce haka zan yi ma nawa, in bar sara. Na ce to. A raina na ce an kawo ni duk wannan nisa a ce mini in rage aiki.

Jarrabawa ita ce kowa ya zana wurinsa a babbar takarda, yadda zai tsara shi. Na zana iyaka, na zana inda ruwa ke shigowa, da duwatsu, da ramuka. Baturen ya duba ya ce ina itatuwa? Ba a ba da takardar sana'a a kan gona marar icce.

Na ce, "Ba a dasa icce a gonata."

Ya ce don mi?

"Aro ce."

Ya ce ai icce alheri ne ga mai gonar ma.

Na ce, "Mushe Abdu, gaya ma wannan marar takalmin, ranar da na dasa icce, ranar za a karɓe gonar. Shi zai ciyar mini da ɗiya?"

Maganar ta bi ta bakuna har ta kai ga Poko. Sai ta miƙe ta buga ƙirji tana magana da zafi. Ashe su ma haka ne, ita ma gonar dangin miji take nomawa. Duk zaman da munka yi, ranar ce na san abin da ke cikinta. Baturen ya sosa gemu. Mushe Tinga ne ya karɓi alkalamina ya ce in nuna masa inda kututturan suke, ya sa na zana icce a kan kowane. Takarda ta cika da itatuwa. Na ce wannan ai ƙarya ce. Ya ce in dai zana. Anka ba ni takardar sana'a mai hatimi, anka ƙara ma kowa da 'yan itatuwan dashe a leda, kyauta. Na karɓa don kunya, ban san inda zan kai su ba. Dunƙulen na bar ma Poko, ta aje shi a bakin taga.

A iyaka na nemi ɗan duwan nan na same shi. Ya ce ina magani? Na ce an ce a zauna a yi kallo, a kira gara, a bar sara. Ya dube ni ya dubi Mushe Abdu, ya ce mu wuce.

Mun iso ana gobe kasuwar Illela, kuma Tanko bai wuce gida ba sai da ya ci kasuwa. Kafin in huta labari ya riga ni: Habsu ta dawo da itatuwa a leda da takardar Nasara mai hatimi, an zana gonar Sanda cike da icce. Yaya Sanda ya zo har ƙofar ɗakina, ko sannu da zuwa babu.

"Habsu, abin da ni ji gaskiya ne?"

"Yaya, ina kwana dai tukuna."

"Ina itatuwan?"

Na kwaso su na dire a gabansa. Na ce, "Ga su, na ba ka. Ka dasa a ƙofar gidanka ko a kan hularka." Ya ce in rantse ba zan dasa ko tsinke a gonarsa ba. Na rantse, kuma da zuciya ɗaya.

Lokacin sassabe ya zo, kowa ya share gonarsa fes, hayaƙi ko'ina. Ni na jera duwatsuna a karkace, na gina ramuka, na bar kara kwance. Da na zo kan sabara da kalgo na ɗaga gatari, sai na tuna tsallen Baturen. Na ce bari dai in gwada abin da ban gane ba. Na rage rassa na bar masu ƙarfi. Da na gama na waiwaya. Sun tsaya tsaf har ƙugu, kowane da ƙafarsa, kamar an dasa su jiya. Takardar nan ce ta sauko ƙasa.

Ba a kwana biyu ba anka kira ni gaban maigari. Yaya Sanda ya ce na rantse na karya, a karɓe masa gonarsa yau. Maigari ya ce ba ya shari'ar abin da bai gani ba, munka ɗunguma gona da dattawa, mata suna biye daga nesa.

Maigari ya ce, "Habsu, ke kin dasa waɗannan?"

"Ranka ya daɗe, a tona a gani."

Anka tona gindin guda. Sai ga kututture baƙi, kauri kamar cinyar sa, duk jikinsa tabon gatari. Yaya Sanda ya shure shi da ƙafa ya ce, "Wannan ai tsohon banza ne! Tun ina yaro ubana ke saran shi, ni ma na sare shi har na gaji!"

Maigari ya ce, "Ubanka ya sare shi?"

"Da hannunshi!"

"To ashe ya riga Habsu zuwa gonar nan. Sanda, in icce ne ke shaidar mai wuri, wannan wa zai yi ma shaida? Ita da ta zo jiya, ko gidanku?"

Wani dattijo ya ce amma gonar ta yi ƙazanta, abin kunya ne a bakin hanya. Maigari ya ce shi ma bai taɓa ganin gona mai muni haka ba, amma ba a karɓe aro don muni. Ya kakkaɓe rigarsa ya tafi.

Gona tana hannuna. Ko gero zai yi, ban sani ba, ruwan farko ne kawai ya sauka. Na dai ga ya tsaya a bayan duwatsu bai gudu ba, na tsaya ina kallonsa har zanena ya jiƙe, ni da na zagi masu kallo. Itatuwan leda da Yaya Sanda ya dasa a ƙofar gidansa, akuyarsa ta cinye su. Matan da ke cewa in fara koya musu da takardata, ku dakata in ga kaka, ba na koya ma mutum abin da ni ma nake lalube. Zancen kaza har yau ban san inda ya dosa ba.

Shekaranjiya ina rage wani reshen kalgo sai na ji ihu daga bakin hanya. Yaya Sanda ne, ya ɗaga sanda yana tahowa da sauri.

"Ke Habsu! Aje wuƙar nan! Wa ya ce ki taɓa mini itatuwan ubana?"